Yaron da Ke Zanen Hoto Ba Ɓarnar Takarda Yake Yi Ba

  Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muka ɗauka wasan yara ne kawai, watau zanen hoto. Na san wata uwargida za ta ce, "Haba Malama, ana fama da tsadar hatsi da kuɗin littafi, ke kuwa zancen zane-zane kika kawo mana?" To, ki yi mini haƙuri ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke hukunci.

Abubuwa biyu da suka faru a sha'anin ilmi cikin shekarar 2025 su suka sa na ɗauko wannan magana. Na farko, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fito da sabuwar manhaja, ta rage yawan darussa, har 'yan aji ɗaya zuwa aji uku na firamare suka koma darussa tara ko goma. Cikin waɗanda aka bari akwai darasin al'adu da fasahar hannu, wanda a cikinsa ake koyar da zane. Na biyu kuwa, a watan Nuwamba na shekarar, Ministan Ilmi Dakta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke tsarin nan da aka amince da shi a 2022, na koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ya ce a koma Turanci. Masana sun yi ta ja-in-ja a kan wannan, ba kuwa shi zan shiga yau ba. Abin da ya dame ni shi ne yarinya 'yar shekara shida a Kankiya ko Kusada, wadda daga gida har kasuwa Hausa ko Fulatanci take ji, ran nan sai a miƙa mata littafi da harshen da ba ta sani ba. Wa zai yi mata tafinta idan malama ta juya baya? Babu kowa sai hoton da ke cikin shafin.

Saboda haka tambayar da ya kamata mu yi ita ce, wa ke zana waɗannan hotuna, kuma me ya sa 'ya'yanmu ba sa cikin masu zana su?

Amfanin hoto wajen koyon karatu

Mu malamai an koya mana tun a kwalejin horo cewa hoto shi ne ƙofar karatu. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1658 wani malami a ƙasar Turai mai suna Comenius ya buga littafin yara wanda kowane darasi da hotonsa, aka kuwa yi ta amfani da shi shekara da shekaru. Yadda abin ke aiki shi ne, yaro ya ga hoton tulu, ya riga ya san tulu a gidansu, sai ya ambaci sunan. Malama ta nuna masa kalmar da ke ƙarƙashi, sai ya haɗa abin da bakinsa ya faɗa da baƙaƙen da idonsa ya gani. Gani ya kori ji. Shi ya sa shirin nan na RANA, wanda aka fara a 2015 a jihohin Katsina da Zamfara ƙarƙashin aikin UNICEF na ilmin 'ya'ya mata, ya raba wa ƙananan azuzuwa littattafan koyon karatu da Hausa masu hotuna.

Wannan ke nan idan yaro kallon hoto yake yi. Idan kuwa shi da kansa yake zanawa, ribar ta fi haka. Da farko hannunsa yana sabawa da riƙon fensir. Ki duba baƙaƙen boko da kyau, za ki ga da'ira ce da miƙaƙƙen layi da lanƙwasa, ba wani abu ba. Yaron da ya saba zana ƙwarya da tsani da lauje ba zai sha wahalar rubuta "o" da "h" da "c" ba. Bayan haka idonsa yana koyon lura. Ba shi yiwuwa ya zana ganyen dalbejiya sai ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya ga yadda bakinsa ke da tsaga-tsaga, ya ga bambancinsa da ganyen mangwaro. Wannan lurar ita ce tushen ilmin kimiyya. Daɗin daɗawa, idan aka ba yara labari aka ce kowa ya zana abin da ya ji, nan take malama za ta gane wanda ya fahimta da wanda ya yi ta gyaɗa kai kurum.

Ni kaina ban gane haka da sauƙi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Wata rana a aji uku na kama wata yarinya tana zane a bayan littafin lissafinta. Na yi mata faɗa a gaban 'yan'uwanta, na yage shafin na jefa cikin jakata. Yarinyar ba mai magana ba ce, har na riga na sa ta cikin sahun waɗanda ba sa ganewa. Da dare ina neman wani abu sai takardar ta faɗo. Ashe madafin gidansu ta zana: ga murhu, ga tukunya, ga turmi da taɓarya, ga mafici. Abin da ya ba ni kunya shi ne duwatsun murhun. Biyu ta zana cikakku, na ukun kuwa rabinsa kawai, domin tukunya ta kare shi, daidai yadda mutum zai gan shi in yana tsugune a gaba. Ni da nake malamarta, da an ce in zana, da uku zan jera reras. Washegari na mayar mata da takardarta, na ce ta rubuta sunan kowane abu a ƙarƙashinsa. Ta rubuta kalmomi biyar, ita da ban taɓa samun kalma biyu daga hannunta ba.

Su wa ke zana hotunan littafi?

Bayan wannan ne na tambayi 'yan ajin, "Wa ke yin hotunan da ke cikin littattafanku?" Wasu suka ce inji, wasu suka ce Turawa. Babu ko ɗaya da ya zaci mutum ne irinmu ya zauna da fensir ya zana. Ina jin uwaye da yawa ma ba su taɓa tunanin abin ba. Mun san sunan Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja yana malami a Midil ta Katsina, kuma duk wadda ta karanta Magana Jari Ce tana tune da akun nan mai iya magana. Amma mu nawa ne muka taɓa juya bangon wani littafi don mu ga sunan wanda ya yi hotunansa?

Alhali kuwa gidan wannan sana'a a nan ƙasar tamu, Zariya ce. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cikin malaman sashen akwai mace 'yar Nijeriya, Clara Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano ta yi karatun zane a London. Ku lura da wannan, 'yan makaranta: mace ce, kuma tana cikin waɗanda suka koyar da samarin da daga baya suka zama manyan masu zane na ƙasar nan. A 1958 waɗannan samari suka kafa ƙungiyarsu a Zariya, da manufar cewa ba za su zauna suna kwaikwayon zanen Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa abin da suka koya a aji da fasahar da suka gada a gida.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Bruce Onobrakpeya, mutumin Agbarha-Otor da ke Jihar Delta ta yanzu, wanda aka haifa a 1932, ya shiga kwalejin Zariya a 1957. Shi ya zana hotunan littafin yara na Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment, na 1962, labarin da masana suka nuna ya yi kama ƙwarai da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Shi ne kuma ya zana hotunan Sugar Girl na Kola Onadipe, labarin Ralia da 'yan firamare da yawa suka karanta. Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne, sunan da ya yi bai raba shi da aji ba. Daga 1963 zuwa 1980, shekara 17 cur, yana koya wa 'yan makaranta zane a Kwalejin St. Gregory da ke Ikko. A 1998 kuma ya buɗe wani taron koyar da sana'ar hannu da ake yi lokacin hunturu a garinsu, inda manya da masu koyo ke zama wuri ɗaya suna aiki.

Abokinsa Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya zana hotunan da aka sa cikin Things Fall Apart na Chinua Achebe. Salon da ya yi suna da shi kuwa daga uli ya samo shi, watau adon da matan Ibo ke zanawa a jiki da bangon ɗaki, kuma wajen mahaifiyarsa ya nemi sanin sa. To, 'yar'uwa, mene ne bambancin uli da lallen da kike yi wa amarya? Abin da waccan uwa ta ba ɗanta, kema kina da irinsa a hannunki.

Haka abin yake a Gana. Meshack Asare malamin zane ne a makaranta, ya rubuta littafin yara ya zana hotunansa da kansa, Tawia Goes to Sea, a 1970, labarin wani yaro ɗan masunta. A 1982 wani littafinsa ya ci lambar Noma, wadda a lokacin ake ba littattafan da aka buga a Afirka. A nan Arewa ma ba mu rasa ba. Mustapha Bulama, wanda ya yi suna da zanen barkwanci a jaridar Daily Trust, ya zana hotunan wasu littattafan yara da Dakta Fatima Akilu ta rubuta. Ranar da na gaya wa 'yan ajina cewa akwai mai wannan sana'a da ake kira Mustapha, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, irin Mustaphan gidanmu?" Na ce irinsa. Tun daga ranar ban sake roƙon su su yi zane ba, sai dai in roƙe su su ajiye.

Darasin da na ɗauka shi ne, yaro ba ya sha'awar abin da yake zaton ba na irinsa ba ne. Da zarar ya san cewa mutum ne ya zana, mutum mai suna irin nasa, kuma abin da aka zana rumbu ne da rijiya da amalanke irin na garinsu, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

Zane ba baƙonmu ba ne

Masu cewa zane al'adar Turawa ce sun manta da gida. A duwatsun Birnin Kudu da ke Jihar Jigawa akwai hotunan shanu da mutanen da suka zana tun kafin a san Bature a ƙasar nan. Ki dubi allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da launukansa da ma'auninsa. Ki dubi adon da magina ke yi a fuskar soraye a Zariya da Kano da Katsina, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da ɗinkin hula, da sassaƙar ƙwarya, da saƙar faifai da tabarma, da fentin da ake yi wa manyan motocin da ke wuce Kankiya a kan hanyar Kano zuwa Katsina. Duk waɗannan sai da wani ya fara tsara su a ido da hannu. Fasahar tana nan, ba a dai ba ta hanyar shiga littafi ba ne.

Me ya tare hanyar? Ni a ganina abubuwa uku ne.

Na farko mu iyaye. Littafin rubutu da kuɗi ake sayensa, uwar da ta sayar da ƙuli-ƙuli ta saya kuwa dole ranta ya ɓaci in ta ga an cika shi da hoton mota. Tana da gaskiyarta. Amma maganin abin shi ne a ba yaro inda zai yi zanen, ba a hana shi da bulala ba.

Na biyu maganar addini, wadda ba abin yi wa gatsali ba ce. Malamanmu sun yi bayani mai tsawo a kan surar abu mai rai, sun kuma yi bayani a kan abin wasan yara da abin da ake koyarwa da shi. Ni ba malamar fiƙihu ba ce, duk wadda ke da shakka ta sa maigida ya tambayo mata malamin da suka amince da shi. Sai dai babu saɓani a kan zana bishiya da gida da rumbu da fure da taswira da kayan noma da na girki. Wannan fili kaɗai ya ishi yaro shekara da shekaru bai ƙure shi ba. Kada mu rufe ƙofar gaba ɗaya saboda tsoron lungu guda.

Na uku mu malamai da masu kula da mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Darasin yana nan a jadawali, amma sau da yawa shi ake fara yankawa idan za a yi shara ko jarrabawa ta matso. In ma an yi shi, sai malama ta zana kofi a allo ta ce kowa ya kwafa, wanda nasa ya fi kama da nata shi ne gwani. Wannan kwafa ce, ba zane ba. Ga cunkoson aji, ga rashin takarda, ga shi kuma da yawanmu ba a horar da mu a kan darasin yadda ya kamata ba. Manhaja takarda ce kawai. Idan ba a gyara waɗannan ba, barin darasin da aka yi a 2025 ba zai canza kome ba a Kankiya ko Kusada.

Abin da za mu iya yi

Uwargida, naki aikin ba ya cin kuɗi. Ki ware wa yara wani gefe na tsakar gida mai rairayi su yi zane da tsinke. Ki ajiye musu kwalin sabulu da bayan tsohuwar kalanda, ki ba su gawayi daga murhu. Jar ƙasa da farar ƙasa da ɗan shuɗin wanki sun isa launi. Idan kin yi musu tatsuniya da dare, da safe ki ce su zana miki gidan Gizo ko gonarsa. In yaro ya kawo miki abin da ya yi, kada ki ce, "Wannan wane irin shirme ne?" Ki ce, "Gaya mini abin da ke nan." Za ki sha mamakin labarin da zai fito daga bakinsa. In ya fara boko ko allo, ki sa shi ya rubuta sunan abin a ƙasa. Kada kuma a ce 'ya mace ba ta da lokaci sai talla da wanke-wanke, alhali ɗan'uwanta yana zaune a inuwa yana abin da ya ga dama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma 'yan matanmu na makaranta, kada ku raina wannan baiwa in Allah Ya ba ku. A jarrabawar kimiyyar halittu ta ƙarshen sakandare sai an sa ku zana abin da aka ajiye muku a tebur. Wadda ke son shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya za ta tarar da zanen sassan jiki yana jiran ta. Tela mai tsara ɗinki, da mai zana taswirar gini, da malamar da ke yin kayan koyarwa, duk da fensir suke farawa. Ki samu ɗan littafi guda ki keɓe shi don zane, kullum ki zana abu ɗaya da kika gani da idonki, ki sa kwanan wata. Bayan wata uku ki duba na farko da na ƙarshe. Duk littafin da ya zo hannunki kuma, ki nemi sunan mai hotunan kamar yadda kike neman na marubucin.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumomin ilmi na ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jihar Katsina, da ƙungiyoyin iyaye da malamai. A riƙa gayyato masu zane su shiga aji, ko da sau ɗaya ne a zango, su zana abu a gaban yara tun daga layin farko har ya zama hoto. Zariya ba ta yi nisa ba, ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ma sun isa wannan aiki. Kwalejojin horon malamai na Katsina da Dutsin-ma su tabbata duk wanda za su yaye ya iya bayyana darasi da alli a kan allo. Ranar rabon kyaututtuka a liƙa zanen yara a bango iyaye su gani. Idan kuma za a buga wa makarantunmu littafi, a nemi mai zanen da ya san yadda ake ɗaura zani da yadda rumbu yake tsayuwa, a kuma rubuta sunansa a bango ɓaro-ɓaro don yara su gani.

'Yan'uwa, ko da wane harshe aka ce a koyar, 'ya'yanmu za su ci gaba da buɗe littafi su fara da kallon hoto. Wani ne zai zana musu shi. In ba mu bar su sun koya ba, kullum baƙo ne zai riƙa nuna musu yadda gidansu yake. Yarinyar nan mai murhu tana nan tana zanenta, ni kuwa ban sake yage wa kowa takarda ba.

Duk wadda ɗanta ko 'yarta ya yi wani zane da ya burge ta, ta rubuto wa wannan fili ta ba mu labari. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilmi mai amfani, amin. Sai mun sake saduwa, in Allah Ya kai mu.